Ƙwan Kifi a Tsakiyar Rairayi

Tamanrasat

Kwanana goma sha tara a Tamanrasat ban sami aikin da ya wuce yini ɗaya ba. Kullum da sassafe mukan jeru a gefen wani busasshen rafi, Hausawa da Zabarmawa da mutanen Mali da Gine, muna jiran wata mota ta tsaya. In ta tsaya sai a ruga. Mai motar ya leƙo, ya nuna mutum biyu ko uku da yatsa kamar mai zaɓen raguna, sauranmu mu koma inuwa. Ni ba a cika nuna ni ba. Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, kuma shekara goma sha biyu da na yi ina lodin siminti a Malbaza sun bar mini baya a karkace. Mai neman lebura tun daga nesa yake gane irina.

Sunana Nomau, daga wani ƙauye kusa da Tajaye. Da bayana ya ƙi buhu na koma gona, sai damina biyu a jere tsutsa ta cinye mana zangarniyar hatsi tun tana tsaye. Abin da ya fitar da ni biɗa, wato ci-rani, ke nan, a shekarun da ya kamata a ce ƙannena nake rakawa tasha.

A rana ta ashirin wani mutum ya zo ya tsuguna gabana. Laminu ya ce sunansa, daga wajen Madawa. Rigarsa fes, takalminsa sau-ciki. Ya gaishe ni da Hausar gida, har ya tambaye ni yadda na baro yara. Tun da na bar Agadas ba wanda ya tambaye ni yara.

"Yaya, kai ba na bakin rafi ba ne," ya ce. "Akwai garkar dabino can arewa, ban ruwa kawai. Hausawa sun cika wurin, har limaminsu gare su."

Ya saya mini shayi da burodi. Washegari ya ɗora ni bayan wata motar kaya, tsakanin buhunan abincin dabbobi. Muna shirin tashi sai ya miƙo hannu.

"Kawo salularka in sa maka layin ƙasar ga, naka ba shi aiki can. Yanzu in dawo."

Na ba shi. Ya shiga wani lungu, direba kuwa ya ta da mota. Na yi ta bugun jikin motar, direban ya ɗago hannu ta taga, wai in zauna. A cikin salular nan lambar maiɗakina Hajo take, da ta ƙanena, da ta limamin garinmu. Ko ɗaya ban haddace ba. Ga shi na baro Hajo da cikin wata shida.

Kwana biyu muna tafiya, daga baƙin dutse sai rairayi, daga rairayi sai baƙin dutse. Na daina kallo.

Gonar

Dabinon da na tarar bai fi itace ashirin ba, jikin katanga. Babu limami. Tabkuna ne jere cikin rairayi, waɗansu na siminti, waɗansu an shimfiɗe su da baƙar leda, sai wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Bahaushe ɗaya ne a wurin, wani tsoho siriri da kaushi har gwiwa. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Dabino aka ce maka?"

"I, Baba."

"Ni ma dabino aka ce mini. Aje kayanka. Kai ɗan ina?"

"Tajaye."

"Ni Bazaga. Arzika sunana. Taho ka sha shayi, kana rawar ɗari."

Gonar kifi ce. Mai ita wani Alhaji ne da ke zaune birni, sai ran Juma'a yake leƙowa. Ɗan ƴar'uwarsa, Murad, shi ke kula da ma'aikata. Akwai kuma injiniya, wata mata mai suna Nadiya, da ke zuwa daga gari kullum da hantsi cikin wata tsohuwar mota. Kifin da suke kiwo suna ce masa karb. A Konni idan ɗan lakwal, wato ɗan boko, ya faɗi wannan suna karfasa yake nufi, amma wannan wani kifi ne dabam, mai kauri, mai manyan ɓawo, da ɗan gashin baki. Uwa ɗaya sai ka rungume ta da hannu biyu. Aikin gonar shi ne a ƙyanƙyashe ƙwai a sayar da ƴaƴan ga masu tabkuna.

Baba Arzika bai fara nuna mini kifi ba. Ruwa ya fara nuna mini. Ya kai ni bakin foraj, rijiyar inji mai zurfi da duk gonar ke sha, ya ce in tara hannu. Na tara, na janye da sauri. Zafi gare shi kamar wanda aka sauke daga murhu, ga warin ruɓaɓɓen ƙwai.

"Wanga ruwa matacce ne," ya ce. "Ba iska cikinshi. Ko ya huce, ka sa kifi ciki, kafin ka gama alwala ya kife."

Ban taɓa jin cewa ruwa na da iska ba. Ni da nake jan guga tun ina ɗan shekara bakwai, ruwa biyu na sani, mai daɗi da mai zartsi.

Ya bi da ni hanyar ruwan da ƙafa. Daga foraj yakan gangara kan wasu matakalai na siminti, yana faɗowa yana fantsama, nan yake shan iska. Daga nan ya shiga wani babban tabki ya kwana uku yana hucewa, jan tsatsan da ke cikinsa ya kwanta. Sai ya ratsa yashi da tsakuwa, sannan inji ya hau da shi tankin da ke saman ɗakin ƙyanƙyasa. Akwai kuma wani gajeren bututu da ya taso daga foraj kai tsaye zuwa tankin, da jan kambu na ƙarfe da ake murɗawa. Wanke tanki ake yi da shi idan babu ƙwai.

"Wanga ja," in ji Baba, "kada hannunka ya taɓa shi."

Da asuba, kafin ko salla ta bushe mana a goshi, mukan zagaya tabkuna. Lokacin ne iskar ruwa ke ƙarewa. In ka ga kifi sun taso sama suna buɗe baki kamar masu hamma, sai ka ruga ka ta da injin da ke kaɗa ruwa. In ruwan ya yi kore shar, ko ya fara warin turke, sai a rage abinci a sake rabinsa. Nadiya tana da nata kayan: wata waya da take jefawa cikin ruwa lamba ta fito, da ƴan kwalabe da take ɗigawa. In ruwan ya zama rawaya lafiya lau, in ya koma kore to kashin kifi ya yi yawa. Baba kuwa sai ya ɗebo da tafin hannu ya sansana ya faɗa mata tun ba ta buɗe jaka ba. Takan yi dariya ta ɗiga nata duk da haka. Da wuya su saɓa.

Sanyin wurin ba irin namu ba ne. Ka shiga tabki har ƙugu rana ba ta fito ba, ka fito ba ka jin ƙafafunka. Kaushina ya tsage yana jini. Abincinmu makaroni ne da burodi, yau da gobe da jibi. Akwai ranar da na tsaya riƙe da tsintsiya ina tunanin miyar kuka har Murad ya jefe ni da takalmi. Ina lissafin watanni da yatsu, na san Hajo ta haihu, ko kuma wani abin ya faru. Ban san wanne ba.

Wata rana motar abincin kifi tana ja da baya za ta shiga sito, na ga lambar waya a rubuce a ƙofarta ta baya. Sai kamyon Malam Idi ya faɗo mini a rai, wani direba da na yi shekaru ina yi wa lodi a Malbaza. Shi ma lambarsa na rubuce a baya da shuɗin fenti. Sau nawa na tsaya bayan motar nan da buhu a ka, ba abin kallo sai ita? Na tsuguna na rubuta a rairayi da yatsa. Duk ta fito, sai biyun ƙarshe da ban tuna wadda ke gaba ba.

Baba ya yi wa Nadiya bayani da Larabcinsa. Ta ciro salularta ta tsuguna kusa da rubutun. Bugun farko wata mata ce ta ɗauka a Damagaram, ta ce ba ta san wani Idi ba. Nadiya ta juya lambobin.

"Wa ke magana?"

"Nomau ne, Malam Idi. Nomau na lodi."

"Nomau mai karkataccen baya? La'ilaha illallahu! An ce Sahara ta cinye ka!"

Bayan kwana uku, a hanyarsa ta zuwa Tawa, ya aje kamyo cike da siminti a bakin titi ya taka har ƙauyenmu. Daga tsakar gidana ya bugo. Hajo ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Mace ce. An sa mata sunan innarka." Muka yi ta jin numfashin juna da kuɗin mutane, har Malam Idi ya karɓe.

Baba Arzika na tsaye gefe yana ji. Da aka gama sai ya ɗauki bokiti ya tafi ba kifi abinci, alhali mun riga mun ba su. Da yamma na ce masa shi ma ya nemi gida.

"Da wace lamba?" ya ce. Can kuma ya ƙara, "Gonar gado na saida na taho, da shanun noma biyu. Na ce ma maiɗakina Kulu shekara guda. Shekarar farko ban samu komi ba, na ce sai ta biyu. Yanzu sha ɗaya ke nan. Wanda ya yi haka ba shi buga waya, Nomau."

Ɗakin ƙyanƙyasa

Da sanyi ya sake mu, ruwa ya fara ɗumi, lokacin ƙwai ya zo. Duk wahalar shekara don makonnin nan ake yin ta. Nadiya ta zaɓi iyaye mata da cikinsu ya yi taushi, ta yi musu allura. Washegari Baba ya naɗe kowacce cikin jiƙaƙƙen tawul, ya matsa cikinta a hankali, ƙwai na zubowa cikin busasshen kwano kamar kunun gero mai kauri. A zuba farin ruwan maza, a gauraya da gashin kaza. Sai a yi ta wankewa da ruwan madara, don ƙwan karb danƙo gare shi, in ba a cire ba sai ya cure ya ruɓe. Daga nan a zuba cikin wasu manyan kwalabe da aka kifa baki ƙasa, ruwan tanki na shigowa ta ƙasa yana juya ƙwan sannu-sannu. Kwana uku zuwa huɗu ruwan nan ba zai tsaya ba, ba zai yi zafi ba, ba zai yi sanyi ba. Nadiya ta ja layi da jan alƙalami a jikin ma'aunin zafi, ɗan sama da ashirin, ta ce nan ne rai.

Shi kuwa Murad yana da tasa gonar kankana bayan katanga, wadda kawunsa bai damu da ita ba. Zafi ya taso, kankana na son ruwa, ruwan foraj kuma yana ƙona ta. Rana ta biyu da zuba ƙwai, bayan sallar asuba, na fito zagayen tabkuna sai na ga tiyo ya tsallaka katanga daga tabkin hucewa. Ruwan ya ja baya har bakin bututun da ke kai wa tanki ya fito fili. Ina tsaye na ga Murad ya nufi jan kambun nan ya murɗa, don ya cike tanki da ruwan foraj. Ya juyo muka haɗa ido. Ya ɗaga salularsa ya nuna mini, ya ce da Faransancin da ya san zan gane, "Takardu. Bugu ɗaya."

Ba ni da takardun zama a ƙasar, bugu ɗaya ƴan sanda su zo. Na sunkuyar da kai na wuce.

Kafin Nadiya ta iso ya rufe, ya janye tiyo, tabki ya ɗan cika, tanki ya huce. Ta auna ba ta ga komai ba. Da la'asar ƙwai suka fara fari. Washegari duk kwalaben sun yi fari fat, wani gashi kamar auduga ya lulluɓe su, ɗakin na wari. Mu muka kwashe muka binne.

Ran Juma'a Alhaji ya zo. Murad ya ce tsohon ne, ya tsufa, bai wanke kwalabe da kyau ba, hannunsa ma da ƙazanta. Baba na tsaye da hula a hannu. Aka fitar da shi daga ɗakin da ya yi shekaru yana riƙo, aka tura shi kwasar baƙin taɓon da ke kwance ƙasan tabkuna. Ni aka sa a madadinsa.

Da muka keɓe na ce, "Baba, na gani."

"Na san ka gani. Ni ma na ga sawun tiyo."

"To in faɗi?"

"Ka yi kurum. Jaririya gare ka. Ni mi za su rage mini?"

Na yi kurum ɗin. Ina cikin inuwa ina wanke kwalabe, ta taga ina hangen tsoho cikin taɓo har cinya, da kwando a ka. Tarin da yake yi tun sanyi ya ƙaru. Wata safiya na ga jini inda ya tofa, ya sa ƙafa ya rufe da rairayi. Makonni biyun nan su ne mafi nauyi a duk tafiyar, kuma su ne aikina ya fi sauƙi.

Iyaye takwas suka rage masu ƙwai. In nasu ya lalace, shekarar ta tafi. Nadiya ta rame, ta sake wanke komai da hannunta, ta canza yashin tacewa, ta kai ruwa birni aka duba. Ran da aka zuba sabon ƙwai ta tsayar da ni. Ba ta iya cewa Nomau, Nu'uman take ce mini.

"Nu'uman, ba ka ga komai ba wancan karon?"

Na ce ban gani ba. Ta daɗe tana dubana, sannan ta miƙo mini ma'aunin zafin nan mai jan layi, ta ce in riƙa dubawa da asuba.

Rana ta uku ƙwan ya yi ido. In ka kara fuska jikin kwalba sai ka ga ɗigo biyu baƙaƙe cikin kowane, wani ma yana motsi. Na idar da salla ke nan na ji ƙarar inji bayan katanga. Na shiga ɗakin na dafa bututun da ke saukowa daga tanki. Da ɗumi. Na tsoma ma'auni, na ga ya wuce jan layi yana hawa.

Ban yi wani tunani ba, kuma ba zan ce jarumta ba ce. Gajiya ce. Na gaji da kallon taga. Na fita na tarar da Murad tsaye gefen kambun yana shan taba, na wuce shi na kama ƙarfen na murɗe. Zafinsa ya kama mini tafin hannu. Ya yi ihu, ya ture ni, ya ce kaɗan ne ya buɗe, ruwa ai ruwa ne. Ya kai mini naushi a kunne. Na rungume kambun da hannu biyu na kwanta a kansa. Baya ne siminti ya lalata mini, hannuwa kuwa ya bar mini su. Ya ja, ya harba, bai ɓamɓare ni ba.

Ihun ya fito da Baba. Bai ko dube mu ba, ya shige ɗakin ya rufe ruwan tanki.

"Nomau, sake shi! Kawo bokiti!"

Murad ya ga abin ya wuce ɓoyo, ya ja baya yana danna salula. Mu kuwa muka shiga jido daga ɗan ruwan da ya rage a tabkin hucewa. Baba ya hau kan benci yana tsiyaya shi daga sama ta cikin rariya zuwa kwatamin da ke ba kwalabe, don ya sha iska kafin ya isa ga ƙwai. Ni ina kawowa, shi yana zubawa, yana tari. In mun tsaya ƙwai su kwanta su shaƙe. Tun fitowar rana har hantsi ba mu aje bokiti ba. Fatar tafina ta saluɓe ta manne a marikin.

Haka Nadiya ta same mu. Ta hau tsani ta tsoma hannu a tanki ta janye. Ta dubi tabkin da ya ja baya, ta bi tiyo da ido har katanga. Ba ta buƙatar bayani, amma na yi mata, da Hausa da guntun Faransanci da hannu, har na wancan karon, har da cewa na yi mata ƙarya. Ta tuɓe takalmi ta karɓi bokitin hannun Baba.

Kusan rabin ƙwan ya tsira. Washegari suka fara fashewa. Ɗan karb ran da ya fito bai fi gashin ido ba, sai ka duba da kyau kake ganinsa. Baba ya shigo da taɓo a ƙafa, ba wanda ya hana shi, ya tsaya gaban kwalba ɗaya ya daɗe.

"A dafa ƙwan kaza," ya ce. "Jibi za su nemi gwaiduwa."

Ba mu ga jibin a ɗakin ba. Ko Murad bai buga wayar ba, ko ya buga ba a zo ba, ban sani ba. Alhaji ya zo, ya ja ɗan ƴar'uwarsa bayan mota, muna jin faɗa. Da ya gama ya kira mu. Ya ce ya san gaskiya, ya gode, amma ba zai iya haɗa mu wuri ɗaya da yaron ba bayan abin da ya faru, kuma ba zai kori jininsa ba. Nadiya ta yi magana har ta gaji. Ya saurare ta sarai, bai canza ba. Ya sallame mu da haƙƙinmu.

Ita ta ɗaure mini hannu. Ta kawo wa Baba maganin tari da ƙullin dabino, ta roƙi direban motar abinci ya sauke mu Tamanrasat. Baba ya ce shi arewa zai ƙara, an ce akwai wata gonar kifi can.

"Baba, motar ga kudu za ta."

"In koma da wace huska?"

"Da wadda kake da ita."

Ba maganata ce ta rinjaye shi ba. Ba shi da ƙarfin gardama ne kawai. Na ɗaga shi na sa a mota.

Kudu

A Tamanrasat na ga Laminu. Yana tsugune a bakin rafin nan gaban wani magidanci sabon zuwa, da kofin shayi a hannu. Duk watannin nan ina shirya abin da zan yi masa, da na gan shi sai na ji ko ɗaga murya ba zan iya ba. Na dai je na ce wa mutumin, "Ɗan'uwa, babu dabino. Kuma ka riƙe salularka." Ya dubi tsummokaran jikina da hannuna a naɗe, ya dubi rigar Laminu. Ya tashi ya bi shi.

Asamaka, Arlit, Agadas. Na manta yawan kwanakin. Abin da na tuna shi ne kan Baba a kafaɗata, da yadda nake kasa kunne in ji ko yana numfashi. A Agadas wata mai abinci ta ji tarinsa ta dama masa kunu ta ƙi karɓar komai. A Tawa na sayi hura. Ya kurɓa sau ɗaya ya riƙe ƙwaryar yana kallo, ya kasa ƙarawa.

Daga Tawa ya daina magana. Na riga na gaya wa direba inda zan sauka, mararrabar da ke shiga ƙauyenmu kafin a kai Malbaza. Da hantsi muka iso, mota ta rage gudu. Ga hanyar nan, ga gawon da muke jiran mota a ƙarƙashinsa, an fara sharar gonaki. Tafiyar sa'a guda ce a ƙasa.

"Sauka, ɗana," in ji Baba. "Ka gaida mutan gida. Ni zan ɗan huta Konni kwana biyu, kafin in ƙarasa."

Bai dube ni ba da yake faɗa. Daga tashar Konni zuwa iyaka ba nisa, motocin Sakkwato na nan jere suna kiran fasinja. Na san inda hutun nan zai ƙare, kuma ba Bazaga ba ne.

"Mai sauka ya sauka!" in ji direba.

"Mu tai," na ce. "Na fasa."

Na juya ina kallon gawon har ya ɓace.

Bazaga

Daga Konni muka sami motar Bazaga, daga nan wani mai amalanken jaki ya ɗauke mu zuwa ƙauyensu Baba. Da muka hango rumbuna ya ce a tsaya zai yi fitsari. Ya sauka ya zauna gindin wata aduwa ya ƙi tashi. Ban roƙe shi ba. Na zauna kusa da shi har inuwa ta juya. Da la'asar ya miƙo mini hannu na ɗaga shi.

Gidan na gefen gari, dangar kara, awaki uku a turke. Wata tsohuwa na tsaye tana sheƙar wake. Baba ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ba ta ji ba. Ya sake.

Ta aje faifan. Ta zo har bakin danga ta kare ido da hannu, ta daɗe.

"Arzika."

"Na'am, Kulu."

"An yi maka sadaka tun shekara shida."

"Na cancanta."

"Ban tambaye ka ba. Shigo, kana tsaye kamar baƙo."

Ya zauna nan ƙasa bakin ƙofa ya rufe fuska da hula. Ta sunkuya ta ɗauki jakarsa ta kai ɗaki, ta dawo ta shimfiɗa tabarma a inda yake. Wani magidanci mai gemu ya fito daga bayan rumbu da igiya a hannu, ya tsaya cak. Ɗansa ne, Mamman. Mata suka fara leƙowa ta kan danga, wata ta rangaɗa guɗa, wata ta fashe da kuka.

Inna Kulu ta fito da ƙwaryar hura, sai a lokacin ta lura da ni.

"Kai hwa, ɗan wa?"

"Nomau, Inna. Daga Tajaye. Tare muka yi aiki."

"Tajaye? Ai kun baro ta baya. Ka isa gida?"

"A'a, Inna. Da hantsi muka wuce."

"Da iyali?"

"Da iyali. Har da jaririyar da ban gani ba tukuna."

Ina shirin tsugunawa in karɓi ƙwaryar sai ta riƙe mini hannu.

"A'a, sha a tsaye. Mamman, ɗaura jaki ka kai shi bakin hanya tun motar Konni ta ƙarshe ba ta wuce ba. Gidan ga ba shi kwana da mijin wata."

A tsaye na sha.